Wata Tara a Teburin Tantance Zubi a Nottingham

Ranar da na fara aiki, tire aka ajiye mini a gaba cike da kawuna. Kawunan 'yan mutum-mutumin sojojin da ne, kowane kai bai wuce ƙwayar dawa ba, amma da hancinsa da idonsa da gemunsa da hular kwano. Dattijuwar da aka haɗa ni da ita ta ce in ware masu kyau gefe, marasa kyau gefe. Na duba, na jujjuya, ban ga ko ɗaya da zan ƙi ba. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauko gwangwanin fenti ruwan toka ta fesa musu sama-sama, ta jawo fitila ta karkatar da haskenta ta gefe, sannan ta miƙo mini madubin ƙara girma. Sai ga ramuka a ƙarƙashin haɓa kamar an soka allura. Ga wani kan hancinsa babu. Ga wani kuma rabin fuskarsa na hagu ya goce wa na dama da kamar kaurin gashi. Ta kwashe wajen kashi ɗaya cikin uku ta watsa a bokitin shara.

Karatu ne ya kai ni Nottingham, neman na cefane kuma ya kai ni wannan ɗan ƙaramin wurin zubi, inda nake yin awa 20 a mako da dokar biza ta yarda wa ɗalibi. Sai da na shiga na san garin cibiyar wannan sana'a ne. Kamfanin Games Workshop, mai yin irin waɗannan 'yan mutum-mutumi na wasan yaƙi a kan tebur, wanda aka kafa a Landan a 1975, a unguwar Lenton hedikwatarsa take, kuma da yawa daga waɗanda suka yi aiki a can sun fita sun buɗe nasu a kewaye, har masu harkar suna kiran yankin da sunan dalma, ƙarfen da aka fara zubin da shi. Dalmar ma yawancin masu zubi sun rabu da ita tun shekarun 1990 saboda illarta, suka koma gaurayen da kuza ta fi yawa a ciki. Abin da ake sayarwa ƙananan siffofi ne, galibi masu tsawon milimita 28, a gutsuttsure: gangar jiki daban, hannu daban, mashi daban. Mai saye ne zai haɗa da gam, ya yi fenti da kansa.

Manyan kamfanoni irin su Tamiya da Bandai na Japan roba suke narkawa su ɗura da inji cikin mazubin ƙarfe, wanda sassaƙa shi kawai kuɗi ne mai yawa, amma yana fitar da dubbai ba tare da ya gaji ba. Mu ba mu da wannan ƙarfin. Muna ɗan taɓa zubin ƙarfe a mazubin roba mai kama da faifai, wanda inji ke juyawa da gudu har narkakken ƙarfen ya watsu ya cika ramukan. Amma yawancin aikinmu rezin ne: ruwa kala biyu, ka haɗa su ka gauraya, cikin 'yan mintoci su ɗau zafi su daskare. Mazubinsa na silikon ne mai laushi, rabi biyu da ake haɗawa a ɗaure. Da na fara ganinsa, masu zubin tukwane na kasuwar garinmu na tuna, yadda suke danna yashi a akwati biyu su bar hanyar zuba da hanyar fitar iska. Dabarar ɗaya ce, sai dai a nan kuskuren da bai kai kan allura ba shi ne ke raba kaya da shara.

Kumfa ce babbar abokiyar gabarmu, kuma na daɗe kafin in gane iri biyu ce. Akwai iskar da ke maƙalewa a lungun da ya fi tudu a cikin mazubi, kan hanci, yatsa, tsinin takobi. Maganinta a yanka 'yar siririyar hanya da aska daga wurin zuwa waje, sannan a sa mazubin cikin tukunyar matsin iska tun rezin ɗin yana ruwa, a ɗura iska zuwa wajen bar 4 a ma'aunin matsin iska. Matsin ba ya korar kumfar, matse ta yake yi har ido ya daina ganinta, rezin ya daskare a haka. Akwai tarko a nan: idan shi kansa silikon ɗin ba a zuƙe masa iska ba lokacin da ake yin mazubin, matsin zai danna 'yan kumfofin da ke ƙarƙashin fatarsa, kayan su fito da ƙuraje kamar ƙyanda. Iri na biyu kuwa daga laima yake. Ɗaya daga ruwan biyu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda da ya haɗu da ɗigon danshi sai ya haifar da iskar kabon a cikin rezin ɗin kansa. A sanyin Ingila, da bango ke zufa, gora ɗaya da aka bari a buɗe ta kwana ta isa ta mai da zubin washegari kamar soso. Ko sandar katako ba ma gauraya da ita a irin lokacin, don katako yana riƙe danshi.

Shi kuma mazubi tsufa yake yi. Kowane zubi zafin rezin yana tsotse masa maiƙo, har ya bushe ya fara tsagewa a wuraren da suka fi ƙananan zane, kamar sulke da gashin gemu. Da ka ga ɗan gutsuren silikon maƙale a jikin abin da ka ciro, ka san na gaba zai fito da ƙulu a daidai wurin. A jikin kowane mazubi akwai takarda da muke ja wa layi duk zubi ɗaya. Dokar dattijuwar ita ce da layi ya kai 30 a sauke shi, ko da yana nan kamar sabo, a koma ga ainihin siffar da mai sassaƙa ya yi a sake wani.

Wani abu da ban ji kowa ya faɗa ba, amma na gan shi a aikace, shi ne bambancin da ke tsakanin ƙarfe da rezin a zuciyar mai tantancewa. Zubin ƙarfe in ya ɓaci, tukunya za ka mai da shi ya narke, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Rezin in ya daskare ya daskare ke nan, ba ya narkuwa. Duk wanda ka ƙi, kuɗi ne ka zuba a shara a gaban mai wurin. Don haka hannu ya fi nauyi wajen jefar da rezin, zuciya ta yi ta kawo maka uzuri: ai ɗan rami ne, ai a bayan garkuwa yake, ai mai saye zai cike shi.

Wannan uzurin ne ya kayar da ni. Ana saura kwana kaɗan babban baje kolin da ake kira Salute, wanda ake yi a Landan a watan Afrilu, aiki ya yi mana yawa har aka sa ni zuba rezin da kaina, in kuma tantance. Muna cikin zubin wasu mahaya dawakai. Ina sauri, sai na auna ruwan biyu da ido a kofi maimakon in ɗora a sikeli, gaurayawar ma ban kankare gindin kofin da gefensa ba. Da na ciro su, siffa ta fito fes, ba kumfa ko ɗaya. Amma a cinyar dawakai biyu ko uku na ga wani ɗan jirwaye mai sheƙi, da na danna farce sai ya ɗan lotsa. Na san ba haka ya kamata ba. Na ce wa kaina sanyi ne, zuwa gobe za su ƙarasa ƙanƙamewa. Na sa su a leda, na liƙe.

Bayan kamar wata biyu sai ga wasiƙa da ɗan ƙunshi. Wani dattijo ne da ya yi ritaya, ya saya a wurin bajen. Babu zagi ko ɗaya a wasiƙar. Ya ce ya wanke su da sabulu yadda aka saba, ya yi shimfiɗar fenti, ya kwashe maraicen mako uku yana yi wa mahayi ɗaya ado, har ɗigon hasken ido ya sa masa da buroshi mai gashi kaɗan. Sai fentin cinyar dokin ya fara kumbura, wani maiƙo yana tsattsafowa daga ciki. Rezin da ba a auna daidai ba haka yake: ragowar ruwan da bai sami abokin haɗuwa ba yana nan a ciki, yana fitowa a hankali, kuma babu fentin da zai zauna a kansa. Na buɗe ƙunshin na ga aikin hannun mutumin. Ban taɓa ganin wani ya ƙawata abin da na zuba haka ba. Alkyabbar mahayin har da zanen bakin-yi, linzamin da 'yan ƙusoshinsa ɗaya-ɗaya. Ga ƙafar dokin kuma tana danƙo.

An aika masa da sabbi kyauta, da ban haƙuri. Amma mako ukunsa fa? A ranar na fahimci cewa mu ba gamammen abu muke sayarwa ba. Allo muke miƙa wa wani ya rubuta a kai, kuma abin da zai zuba na lokaci da ido da haƙuri ya ninka abin da ya biya sau da yawa. Na je na faɗa wa mai wurin cewa ni ne, na kuma gaya masa na ga alamar tun a ranar. Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta abin da zai hana a sake.

Abin da muka koma yi ba shi da wuya. Ba a ƙara auna rezin sai a sikeli. A gauraya a kofi ɗaya, a juye a na biyu a sake gaurayawa, don abin da ya lafe a gindi kada ya shiga mazubi. Kowane zubi da lambarsa a jikin leda, kuma daga kowane a cire ɗaya a ajiye kusa da hita na kwana uku, in zai yi zufa a nan zai yi. Sannan wanda ya zuba ba shi zai tantance nasa ba. Wannan ta ƙarshe ni na roƙa.

Wanda ke sayen irin waɗannan kaya ya duba su tun ranar da ya buɗe, a hasken gefe, kafin gam ya taɓa su. Ɗan siririn ɓawo a bakin haɗi, da guntun hanyar zubi, waɗannan ba aibi ba ne, aska ce maganinsu. Mashin da ya lanƙwashe a tsoma shi a ruwan zafi, a miƙe shi, a sa a ruwan sanyi. In za a goga sanfefa a jiƙa ta, a rufe hanci, don ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce. Amma fuskar da ta goce, ko yatsun da ba su cika ba, ko wurin da farce ke shiga, kada a yarda a ce gyara ne na mai saye. A ɗauki hoto a mayar. Kwafin sata da ake sayarwa da araha a intanet kuwa, daga kayan da aka riga aka zuba ake ɗaukar mazubinsu, shi ya sa suke fitowa a ɗan tsuke, zanensu a dushe, ba kuma wanda za ka kai wa kuka.

Makona na ƙarshe aka kawo wata yarinya da za ta gaje ni. Na ajiye mata tiren kawuna, na ce ta ware. Kafin ta gama na ɗauko dokin dattijon daga aljihun tebur, inda yake tun ranar da ya dawo, na ce ta taɓa cinyarsa da yatsa. Har lokacin yana danƙo.