Godiya ga mutanen Maigatari

Alhamdulillahi, mun dawo Kano lafiya. Ina miƙa godiyata a bainar jama'a ga mutanen Maigatari ta Jihar Jigawa, da suka karɓe mu daren Laraba lokacin da motarmu ta lalace a hanyar Gumel, ga sanyin hunturu, ga yara a mota.

Wani dattijo mai amalanke ne ya fara tsayawa a kanmu. Bai tambayi ko mu su wane ne ba, ya kai mu gidansa. Mata da yara aka shige da su ciki, mu kuwa aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure, aka kawo barguna da tuwon gero miyar kuka. Baba, Allah ya saka maka da Aljanna, kai da iyalinka.

Kiran assalatu ne ya tashe ni, na tarar an ajiye mana ruwan ɗumi a buta. Da muka fito daga masallaci hazo bai gama washewa ba, amma gari ya riga ya tashi, domin Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari. Garken shanu na shigowa ta ko'ina, ga raƙuma daga Nijar, tunda iyaka na nan kusa. Buzaye da rawunansu, Fulani da sandunansu, dillalai sun kama waya tun ba a ga rana ba. Tireloli sun jeru suna jiran lodin dabbobi zuwa Kudu, ana sauke buhunan riɗi da zoɓo, 'yan canji na ƙirga sefa da naira. Ƙamshin ƙosai da hayaƙin masu shayi sun cika layin tasha.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, wannan ce ranar da kowa ke neman abincin mako, amma suka ba mu safiyarsu. Bakanike ya bar motocin da ke layi ya bi mu har inda tamu take, kuɗin kaya kawai ya karɓa. Inna mai koko ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce yara baƙinta ne. Matasan da suka tura mota ma sun tafi kafin in waiwaya.

Allah ya albarkaci kasuwarku, ya tsare dukiyarku, ya ba ku damina mai albarka. Duk wanda hanya ta kai shi Maigatari, don Allah ya gaishe min da su.