Daga tashe zuwa Ojota: koyar da barkwancin zanga-zanga a ajin SS2

Malamin da zai koyar da barkwanci da alamomin zanga-zanga a sakandaren Agege ko Idi-Araba da ke Legas, gara ya fara da tashe kafin ya taɓa allo. Yaranmu sun san yadda ake tsokanar gwauro ko marowaci a watan azumi, a faɗa masa gaskiya a bainar jama'a, shi kuwa ba damar fushi. A ba su minti 5 su bayyana wa abokansu Yarabawa da Ibo, su ma su kawo irin nasu.

Darasin minti 40 ba ya ɗaukar fiye da misali biyu, kuma Legas na da su. A 1979 mawaƙi Fela Kuti da jama'arsa suka kai akwatin gawa ƙofar Dodan Barracks, fadar mulkin soja ta lokacin, saboda mahaifiyarsa Funmilayo ta rasu a 1978 bayan raunin da ta samu ranar da sojoji suka ƙone gidansa a 1977. Na biyu taron zanga-zangar unguwar Ojota ne na Janairun 2012, da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, inda mawaƙa da masu ban dariya suka riƙe jama'a kwana da kwanaki a dandalin Gani Fawehinmi.

A buga hotunan a takarda, don wuta ba abin dogaro ba ce. Aji mai ɗalibi 60 a kasa shi gida 10, kowane rukuni da tambaya uku: wa ake yi wa habaici, wa ake so ya yi dariya, kuma me hukuma za ta yi ba tare da ta ji kunya ba? A tambaya ta ukun ake daɗewa. Idan soja ya kawar da akwatin, ya ɗauki gawar da ake zarginsa da ita ke nan. Idan ya bar shi, duk mai wucewa ya gani. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya kama darasin.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Da zarar an ambaci mai mulki na yanzu, aji ya zama filin musun jam'iyya, shi ya sa tsofaffin misalai suka fi. Batun harbin masu zanga-zangar EndSARS a Lekki na Oktoban 2020 kuwa ciwo ne ɗanye, wataƙila akwai wanda aka ƙone shagon babansa a tarzomar da ta biyo baya, don haka kada a sa shi cikin raha. Sai zambo, wanda ke saurin zamewa ya faɗa kan ƙabila ko addinin na kusa. Tun farko a kafa doka: matsala ake caccaka, ban da jikin mutum da asalinsa.

Aikin gida, kowa ya zana kwali mai kalmomi 7 ko ƙasa da haka a kan toshewar kwata a unguwarsu, ya rubuta layi uku kan dalilin zaɓen alamarsa. Bayanin ya fi zanen maki. Kuma a sanar da shugaban makaranta tun ana saura mako guda, kafin iyaye su ji cewa Malam na koya wa yara bore.