Bindigar roba ɗaya ta cinye min kuɗin mutum-mutumi biyar

Duk mai tara 'yan mutum-mutumin roba na taurarin fim ɗin Star Wars, na kamfanin kayan wasan yara Kenner, ya san dai a tsirara ake samun su, babu bindiga babu alkyabba, don yaran Amurka da suka yi wasa da su tun 1978 sun riga sun zubar da waɗannan a ƙarƙashin kujera shekara arba'in da suka wuce. Ni a gwanjo nake tsintar nawa, in an fasa dilar kayan wasan yara sai in tsuguna in yi ta tono cikin karyayyun motoci da 'yan tsana marasa kai, mai kayan yana min kallon "Alhaji yaranka nawa ne wai". Yawanci na baya-bayan nan ne, na kamfanin Hasbro da ya gaji Kenner, amma jefi-jefi sai ka juya ƙafar wani ka ga an buga 1977 da Hong Kong, nan fa zuciya take bugawa. Shekarar ta haƙƙin mallaka ce fa, ba ranar da aka ƙera ba, kar wani ya ruɗe ku da ita.

A haka na samu Gimbiya Leia, ɗaya daga cikin taurarin fim ɗin, fentin gashinta bai goge ba, farin jikinta bai koma ruwan ɗorawa ba, abin mamaki. Sai na ce bari in cika mata kayanta. To a nan ne na gane cewa a wannan harka mutum-mutumin ba shi ne kuɗin ba, 'yar bindigar da ba ta wuce gaɓar yatsa ba ita ce kuɗin, kuma ta Leia tana cikin masu tsada saboda ƙanƙantarta, ita ce ta fi saurin ɓata. Wani mai sayarwa a intanet ya sa hoto, ya rantse ta asali ce daga akwatin kayan yarintarsa, na tura kuɗi ta hannun abokina da ke Ingila, da kuɗin aike da canjin fam gaba ɗaya sai da ta ci abin da zan sayi guda biyar da shi a gwanjo har da canji. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da ta iso na jefa ta a kofin ruwa, don an san na asali suna tasowa sama, jabun da yawa kuma nutsewa suke. Ta taso! Na yi ta murna, na ɗauki hoto na tura wa masu harkar, ba a jima ba wani dattijo a cikinsu ya ce in ɗauko ta kusa da gilashin ƙara girma. Ya nuna min layin da ke gefenta inda ƙarfen zubi ya haɗu, ya ce ba a nan yake ba a na asali, kuma robar ta cika sheƙi, launinta baƙi ƙirin maimakon baƙi mai sirkin shuɗi. Ashe masu buga jabu sun daɗe da sanin gwajin ruwan nan, sun koma amfani da robar da ke tasowa. Na koma neman mutumin, shafin nasa ma babu shi.

Abin da ya fi ƙona min rai, da ya ce min kwafi ce da na saya a kuɗin kwafi ba gardama, mutane da yawa suna sa su don ado kawai. Shi kansa Hasbro tun 2019 yake sake buga tsofaffin samfurin da sunan Retro Collection, kuma bai ɓoye ba, an rubuta a kwali. Amma inda kuɗi ya shiga dole macuta su biyo, ga misali mutum-mutumin Boba Fett, wani ɗan farautar mutane a fim ɗin, samfurin mai harba roka, wanda ba a ma taɓa fitar da shi kasuwa ba, an sayar da ɗaya sama da dala miliyan ɗaya a 2024. Haka Jawa, wani ɗan ƙaramin halitta a fim ɗin, mai alkyabbar leda, da aka sauya ta da ta ƙyalle tun da wuri, jabunsa sun fi na gaske yawa nesa ba kusa ba. In ka ga irinsa da araha kawai ka wuce.

Zafin garin nan shi ma wata fitinar ce, in ka bar su kusa da taga farin roba sai ya rine, ƙafafu su yi danƙo-danƙo, ƙurar hunturu ta manne. Nawa suna cikin kabad mai gilashi a ɗakin da rana ba ta shiga, kowane ƙaramin kaya a 'yar ledarsa daban, don uwargida ta taɓa share takobin ɗaya daga cikinsu da tsintsiya.

Yanzu duk wanda zai sayar min da bindiga sai ya turo hoton gaba da baya da gefe, na kusa sosai, in kai wa waɗanda suka fi ni ido su duba kafin kobo ya fita. In ya fara "ai ka yarda da ni" shi ke nan mun rabu. Leia kuwa tana nan hannu rabbana, jabun bindigar kuma na manna mata takarda na rubuta jabu, don kar wata rana yara su sayar wa wani a matsayin ta asali.