Karsus da yaran shagonmu

Gyaran kwamfuta nake yi a Computer Village da ke Ikeja, kuma yawancin masu kawo mini laftof mai tsada 'yan gem ne. In na canja fanka ko na sake shafa man sanyi a kan furosesa, ba na miƙa wa mai ita sai na ɗora mata gem mai nauyi na ga iya zafin da za ta ɗauka. Wanda na fi gwaji da shi Baldur's Gate 3 ne, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023, don yana matse na'ura ba wasa. Gwajin da ya kamata ya ƙare kafin La'asar sai ya kai ni Magariba.

Tushen irin wannan wasa Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin sa a kan tebur da takarda da ɗan lido mai fuska 20. Kai ke ƙirƙirar mutuminka, ka fara daga mataki na 1 kana hawa har na 20. A dokokin 2014, jinsin elf masu dogon kunne suna kai shekara 750, gajerun nan mazauna duwatsu kusan 350, ɗan Adam kuwa ko 100 ba ya cikawa. Shi ya sa marubutan suka ba shi halin gaggawa da dogon buri: lokacinsa kaɗan ne, yana so ya bar suna.

Labarin da ya fi tsaya mini a duniyar Dungeons & Dragons shi ne na daular Netheril. Matsafanta mutane ne, sun gwanance har suna yanke ƙoƙon dutse su kife shi, su gina birni a kai yana shawagi a sama, manoma na ƙasa suna ciyar da su. Wasu halittu na ƙarƙashin ƙasa da ake kira phaerimm suka fara tsotse ƙarfin ƙasar. Sai Karsus, wanda ya fi kowa iya sihiri a zamaninsa, ya haɗa wani tsafi mai mataki na 12 domin ya ƙwace matsayin Mystryl, wadda a ƙagaggen labarin ita ke riƙe da saƙar da duk sihiri ke bi ta cikinta. Ya ce don ya ceci mutanensa ne, kuma na yarda rabin zuciyarsa hakan take nufi. Tsafin ya ci, ya hau kujerar. A nan ya tarar da abin da bai lissafa ba: mai kujerar ba zaman banza take yi ba, kullum cikin ɗinke saƙar take inda ta yage, shi kuwa bai san ta inda ake kama zaren ba. Sihiri ya ɗauke na ɗan lokaci, yawancin biranen suka rikito da duk wanda ke cikinsu, mai shara da mai jego da wanda bai taɓa jin sunan Karsus ba. Daga nan aka taƙaita wa mutane sihiri a mataki na 9.

Akwai irinsa a Dragon Age na kamfanin BioWare, wanda ya fara fitowa a 2009: matsafan Tevinter, yadda limaman duniyar ke bayarwa, sun zubar da jinin bayi don su kutsa Birnin Zinare, suka dawo da annoba. Mu da muka taso da ƙissar Fir'auna yana umartar Hamana ya gina masa bene ya leƙa sama, ba mu buƙatar Bature ya gaya mana ƙarshen girman kai. Abin da ya kama ni a na Karsus shi ne ba jahilci ya kayar da shi ba. Gwani ne na gaske, a abu ɗaya.

Na ga haka a bencina. Akwai wani yaro ɗan Agege da ya koyi aiki a hannuna, hannunsa ya fi nawa. Zai ɗaga ƙaramin cif daga kan bod da iska mai zafi, ya mayar da shi daidai, ko makusancinsa bai motsa ba. Da ya ga kwastomomi sun fara cewa shi suke so ya taɓa musu, sai ya fara kallon kujerata. Daga inda yake zaune, aikin oga shi ne karɓar kuɗi da danna waya. Bai ga kuɗin haya da ake biya shekara guda dunƙule ba, bai ga man janareta ba, bai ga dillalin kayan gyara da ke ba ni sikirin bashi don mun daɗe tare ba, bai ga daren da nake ba mai laftof haƙuri a waya don takardun aikinsa sun salwanta ba. Hangen Dala ba shiga birni ba. Ya buɗe nasa tebur, ya ja ƙannensa biyu daga gida su taya shi. Gyara bai taɓa gagarar sa ba, amma kafin shekara ta zagayo kuɗin kayan kwastoma ya shige cikin na haya, ƙannen suka koma Arewa hannu rabbana. Su na fi tausaya wa.

Sai dai ban yarda da marubutan wasannin nan ɗari bisa ɗari ba. Labarinsu yana zagin buri, dokokinsu kuma suna biyan mai buri lada. Duk ƙofar da aka ce kada ka buɗe, bayanta taska take. A Baldur's Gate 3 ɗin ma, abokin tafiyarka Gale yana kwaɗayin kambun Karsus, kuma in ka zuga shi zai iya samu, ya zama abin bautar masu buri a ƙarshen labarin. Yawancin kwastomomin da na tambaya sun zuga shi, ko don su ga abin da zai faru, tunda in ta ɓaci sai a koma inda aka adana a sake. A kasuwa babu wannan maɓallin. Kuma in buri laifi ne, me ya ɗauko mu daga Kano da Sakkwato ya sauke mu a Mile 12 da Idi-Araba? Ni kaina tebur na fara da shi a bakin shagon wani, ina kallon kujerarsa.

Don haka ban daina ɗaukar yara masu ɗoki ba, tsarin koyarwar na canja. Yanzu duk wanda hannunsa ya fara faɗawa, littafin bashi nake miƙa masa. Shi zai je wurin dillali ya roƙi a ɗaga mana ƙafa zuwa Juma'a, shi zai lissafa man da muka ƙona a mako, shi zai ɗauki wayar kwastoman da ke ihu. Na yanzu ya yi wata guda a haka, ran nan ya rufe littafin ya dube ni.

"Oga, wai duk wannan kai kaɗai kake yi?"

Na ce masa ya duba shafin baya, akwai na mai shara da na 'yan ƙungiyar kasuwa da bai haɗa ba tukuna.