Gudun da na samu da hunturu, bazara ta karɓe

A watan Disamba na kammala haɗa kwamfutar wasannin da na daɗe ina tara kayanta ɗaya bayan ɗaya: furosesa ƙirar Ryzen 5 5600X mai ƙwaya 6, allon uwa na rukunin B550, katin hoto matsakaici, da sanda biyu na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe bayanan da take aiki da su, nau'in DDR4, kowace gigabait 8, waɗanda aka rubuta 3600 a matsayin gudunsu a jikin kwalinsu. Da na kunna ta karon farko na tarar RAM ɗin yana tafiya a kan 2133, abin da kan tayar wa sabon shiga hankali har ya zaci an sayar masa da jabu. Dalilin shi ne, gudun da ke jikin kwali sai an shiga BIOS, wato shafin saitin allon uwa, an kunna tsarin XMP, shiryayyen saitin gudun RAM wanda Intel ya fito da shi a shekarar 2007, sannan ake samunsa, kuma tsarin yana ɗaga lantarkin daga bolt 1.2 na ƙa'ida zuwa 1.35. Mutane da yawa ba su san cewa wannan kansa ƙure gudu ba ne, wato tura kaya fiye da ƙa'idarsu, domin abin da aka amince wa wannan furosesa a hukumance 3200 ne.

Da na tsaya nan da ban rubuta wannan ba. Sai kwaɗayi ya ja ni na tura RAM ɗin zuwa 3800. A jerin Ryzen 5000 akwai hanyar da ke haɗa ƙwayoyin furosesa da sashen da ke kula da RAM, mai suna Infinity Fabric, kuma an fi cin riba idan gudunta ya yi daidai da rabin lambar RAM, wato 1800 ga 3600, 1900 ga 3800. Na sa 1900 ta karɓa, na matse lokutan jira, na ɗaga lantarkin RAM zuwa bolt 1.45, sannan na bar MemTest86, manhajar neman kuskure a RAM, ya kwana yana gwaji daga filasha. Da asuba na tarar ya zagaya sau 4 babu kuskure ko ɗaya, na kuwa ɗauka na gama.

Haka ta yi aiki lafiya har ƙarshen Fabrairu. A tsakiyar Maris wasa ya fara rufe kansa bayan kamar awa guda, ba tare da wani saƙo ba, kuma kafin Afrilu ya yi nisa shuɗin allo, wanda Windows ke nunawa idan ya faɗi, ya zama baƙon kowace la'asar. Na zargi manhajar katin hoto na sauya ta, na zargi wutar gida, wadda dama ba ta da tabbas, har na sayi sitabilaiza. Abin da ya dawo da ni hanya wani babban fayil ne da na dunƙule na ajiye, wanda ya ƙi buɗuwa daga baya saboda ya lalace tun wajen rubuta shi. Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni tsoro a sha'anin RAM marar natsuwa, domin faɗuwar wasa kowa yana ganinta, amma kuskuren da ya ratsa cikin fayil shiru yake yi, sai ranar da aka buƙaci fayil ɗin.

Ga yadda zafi ke shigowa cikin lamarin. Kowane ɗigon bayani a cikin RAM caji ne ɗan ƙanƙani da ke zaune a wata ma'ajiya mai yoyo, don haka dole a riƙa sabunta shi kafin ya tsiyaye. A ƙa'idar hukumar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin RAM, DDR4 yana karɓar umarnin sabuntawa kusan kowane maikurosakan 7.8, ta yadda za a zagaye duk layukansa cikin milisakan 64, kuma idan zafi ya haura digiri 85 sai a ninka yawan sabuntawar, saboda yoyon yana ƙaruwa da zafi. Wannan iyaka ta 85 ta RAM ɗin da aka bari a kan ƙa'idarsa ce. Ni kuwa na rage tRFC, wato lokacin da ake ba shi ya kammala kowace sabuntawa, daga nanosakan 350 zuwa ƙasa da rabin haka, kuma na ƙara masa lantarkin da ke ƙara masa zafi. Saboda haka tazarar da masu ƙera shi suka bari domin ranar zafi, ni da hannuna na cinye ta.

Gwajin Disamba bai yi ƙarya ba, tambayar da na yi masa ce ba ta cika ba. A daren hunturu a Kano ɗaki yana yin sanyi har mutum ya nemi bargo, kuma MemTest86 ba ya wahalar da katin hoto, don haka cikin akwatin ya kwana da sanyinsa. A Afrilu kuwa zafin gari yana taɓa digiri 40, rufin kwano yana ƙara nasa, katin hoto yana fesa iska mai zafi tana tashi sama ta bi ta kan sandunan RAM. Fanka, ko na'urar sanyaya ta ruwa, ba ta iya sauke abu ƙasa da zafin iskar ɗakin da take ja, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara sai ya bayyana a jikin kayan. Masu gwajin kayan kwamfuta da muke kallo a YouTube galibi suna aiki ne a ɗakuna masu na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa na daina kwafar lambobinsu kai tsaye. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda na tarar ta toshe ragar gaban akwatin kamar an shimfiɗa mata auduga.

Da na gane haka sai na sauya salon gwaji. Na zaɓi ƙarfe uku na rana, na rufe akwatin yadda yake zama kullum, na kunna manhajar gwajin RAM mai suna TestMem5 a cikin Windows tare da manhajar FurMark domin katin hoto ya yi zafi sosai, ina duba ma'aunan zafi a manhajar HWiNFO. Sandunan sun haura digiri 50, kuma kuskuren farko ya fito kafin minti 20. Na buɗe gefen akwatin na saita fankar tebur a kansu, sai kurakuran suka ɗauke, wanda ya tabbatar mini da inda cutar take.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Na wanke ragar, na ƙara fanka mai milimita 120 a sama tana fitar da iska, na mayar da RAM kan 3600 da bolt 1.35, Infinity Fabric kan 1800, na kuma sassauta tRFC. A ɓangaren furosesa na bar tunanin ƙara masa gudu da hannu, na yi amfani da saitin Curve Optimizer da ke cikin BIOS wajen rage masa lantarki kaɗan, wanda ya sauke zafinsa ba tare da ya rage aiki ba. Wannan ma yana da nasa tarkon, domin idan ragin ya yi yawa kwamfuta takan mutu ne lokacin da take zaune babu aiki, shi ya sa na bi shi mataki-mataki cikin kwanaki.

Bambancin 3800 da 3600 a wasannin da nake bugawa bai wuce wanda sai da ma'auni ake ganinsa ba. Na adana saiti biyu a BIOS, na sa wa ɗaya suna hunturu, ɗaya bazara, amma tun daga watan Mayu ban sake taɓa na farkon ba, kuma yanzu ina bin tsofaffin fayilolin da na ajiye tsakanin Maris da Afrilu ɗaya bayan ɗaya ina duba waɗanda suka tsira.