Mu Masu Rubuta Wa Jama'a Koke

Shagona ɗaki ɗaya ne da baranda, a bakin titin da ya bi ta gaban sakateriyar ƙaramar hukumarmu a nan Kano. Kwamfuta uku gare ni, da firinta biyu, da injin fotokwafi, da janareta a bayan shago. Abin da aka rubuta a allon ƙofa shi ne buga takardu, fotokwafi, laminatin da duba sakamakon jarrabawa. Waɗannan su ke biyan haya da kuɗin mai, su ke biyan yaran nan biyu da ke aiki tare da ni. Amma aikin da ya fi zama mini a rai ba ya kan allon, kuma ba shi ke kawo kuɗi ba. Shi ne rubuta wa mutane takardar koke.

Wurin wani dattijo na koya, Allah ya jiƙansa. Yana zama da tafiretarsa a inuwar darbejiya kusa da gidan waya, ni kuma ina yaro ina sayo masa takardar kabon da ambulan. Abu na farko da ya nuna mini ba shi da alaƙa da iya Turanci. Ya ce duk takardar da ka rubuta wa wanda bai iya karatun boko ba, ka sa sunanka da adireshinka a ƙasa, ka karanta masa ita da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Na ɗauka ɗabi'arsa ce kawai. Sai da na girma na gane doka ce tun ta zamanin Turawa, wadda aka yi don kare waɗanda ba su iya karatu ba daga masu alƙalami. Har gobe ba na sakin takarda sai na cika wannan sharaɗi.

Wannan karantawa ita ta gyara mini sana'a. Shekarar da na buɗe shago, wasu mata huɗu suka zo daga wata unguwa a bayan gari. Asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ba ungozoma da dare. Ana yin awo da rana, amma in naƙuda ta tashi bayan isha'i sai neman a-daidaita-sahu zuwa cikin gari. Suna so a rubuta wa ciyaman. Na zauna na zuba duk Turancin da na tara a makaranta, shafi biyu cur, da maganar haƙƙin ɗan Adam da alƙawuran dimokuraɗiyya. Da na gama na fara fassara musu. Ban kai rabi ba babbar cikinsu ta ɗaga hannu.

"Ɗana, tsaya. Ina maganar yarinyar da ta haihu a cikin a-daidaita-sahu a bakin gada?"

Na ce, "Baba, ai wannan labari ne, ofis ba sa son labari."

Ta ce, "To in ba ka sa ba, wannan takardar taka ce, ba tamu ba. Abin da ya taso mu daga gida ke nan."

Na yaga takardar na sake. Na tambaye su ranar, suka tuna da cewa daren wata Juma'a ne cikin watan azumi, muka duba kalanda muka fitar da kwanan wata. Na tambayi nisan asibitin da ke karɓar haihuwa da dare, da kuɗin da mai a-daidaita ke karɓa a irin wannan lokaci, da yawan matan da ke zuwa awo a mako gwargwadon abin da suka gani da idonsu. Takardar ta dawo shafi ɗaya. Layin farko ya faɗi abin da ake nema: a turo ungozoma ɗaya mai kwana. Sai labarin yarinyar a layi huɗu, ba tare da sunanta ba, don mijinta bai amince a ambata ba. Da na karanta musu, Baba ta ce, "Yanzu ka yi magana." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni nawa in rubuta inda ya nuna.

Tun daga ranar, rabin aikina sauraro ne. Mutum ba ya zuwa shagon nan sai ransa ya gama ɓaci, kuma yana da gaskiya ransa ya ɓaci. Nakan ba shi kujera da ruwa in bar shi ya amayar da komai, wani sai ya yi rabin awa. Sannan in yi masa tambayar da ke sa mutane shiru: "Alhaji, in aka ce gobe da safe za a yi maka abu ɗaya tak, me kake so a yi?" Da yawa ba su taɓa raba ɓacin ransu da buƙatarsu ba sai a wannan kujera.

Dattawan wata unguwa sun taɓa zuwa da koke goma sha ɗaya a rubuce a takardar makaranta: kwalbati, bola, fitilar titi, 'yan daba, rufin aji, rijiyar burtsatse, har da rikicin filin maƙabarta. Mai unguwa ne ya jagorance su. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk gaskiya ne, amma takarda mai buƙata goma sha ɗaya ba ta da teburin da za ta sauka. Ciyaman zai duba ya rasa wa zai tura wa, sashen ayyuka ko na lafiya ko na ilimi, sai ya rubuta a ajiye." Sun yi gardama a tsakaninsu har la'asar, suka tsaya a kan kwalbatin da ya toshe, wanda duk damina yake mayar da ruwa cikin gidaje. Muka ƙirga gidajen da ruwa ya shiga a daminar da ta wuce, gida-gida, ba mu ce "ɗaruruwa" ba tunda ba su kai ba. Wani matashi ya ɗauko hotuna a wayarsa muka buga uku. Masu gidajen suka sa hannu, masu dangwale suka dangwala, kowa da lambar wayarsa a gefe. Aka aika wa ciyaman ta hannun kansila, aka ba dagaci da hakimi kwafi.

Kada ka ƙara gishiri a lissafi, wannan nake roƙon kowa. In ka ce gida ɗari alhali arba'in ne, jami'in da aka turo ya ƙirga ya ga arba'in, to ka ba shi hujjar zubar da maganar gaba ɗaya, kuma arba'in ɗin nan na gaskiya su ka cuta.

Sai maganar hatimi. Ba na barin kowa ya fita da kwafi ɗaya. Biyu nake bugawa, in ce ka miƙa ɗaya ga akawun da ke karɓar wasiƙu, ka tsaya a gabansa sai ya buga wa ɗayan hatimi, ya sa kwanan wata da hannunsa, ka dawo da shi gida. Takardar kwalbatin nan ta ɓata a ofis, ko dai aka ce ta ɓata. Bayan mako shida mai unguwa ya koma da mai hatimin, sai ga fayil ya fito. Muka rubuta ta tuni, layi biyar, muka ambaci ranar da aka karɓi ta farko. Muka sake ta uku. Da mai hatimin ne kuma suka je gidan rediyo, don ɗan jarida ya fi sakin jiki da mutumin da ya zo da shaidar ya bi hanya an yi biris da shi. An yashe kwalbatin kafin damina ta gaba, amma ba a faɗaɗa shi kamar yadda aka roƙa ba. Ruwa ya ragu, bai daina ba. Har yanzu fayil ɗinsu na cikin kwamfutata, kuma za mu sake rubutawa.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa shi ne ɓangaren sana'ar da ba a koya a makarantar kwamfuta. Mutane sun fi son su rubuta wa gwamna, don shi suke ji a rediyo. Kano ƙananan hukumomi 44 ne, mazaɓu 484; in kowace unguwa ta aika wa gwamna maganar lambatunta, wa zai karanta? Wanda aka riƙe wa fansho ko garatuti nakan nuna masa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko kwabo. Amma nakan gaya masa sharuɗɗanta tun daga nan: ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, tana so ka fara bin hanyar ma'aikatar da ta cuce ka, kuma kada ka bari shekara ta wuce a kan abin kafin ka kai kuka. Na ga wani tsohon masinja da ya yi ta haƙuri yana jiran alƙawarin baki har lokaci ya ƙure masa. Abin ya daɗe yana damuna.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ita ce makamin da na fi so, kuma ita ce jama'armu suka fi jahilta. Ba koke kake yi ba, tambaya kake yi: nawa aka ware wa ginin ajin nan, wane kamfani aka ba, nawa aka biya shi? Ma'aikata tana da kwana 7 ta amsa, ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake son sani ba, kuma dokar da bakinta ta ce wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. Wannan wanin, mu ne. An daɗe jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ba zan ce yanzu ana amsawa cikin kwana bakwai ba, sau da yawa shiru ne. Amma na ga ɗan kwangila ya dawo bakin aikin da ya yasar, makonni kaɗan bayan takardar tambaya ta shiga ofis.

Akwai takardun da na ƙi rubutawa. Wani ya zo yana so in rubuta cewa shugaban wata makaranta ɓarawo ne, ya cinye kuɗin gyaran aji. Na ce, "Malam, ka gani da idonka?" Ya ce kowa ya sani. Na ce ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code, kuma ko ba doka, akwai ranar da za a tambaye ni abin da hannuna ya rubuta. Na ce ga abin da zan iya: mu rubuta cewa an tara kuɗi a wata kaza, har yau ba rufi, iyaye suna neman a kira taro a karanta musu lissafi. Ya ce wannan ba ta da zafi, ya tafi wani shagon. Na rasa cinikin ranar, ban yi nadama ba. Haka in na ga takarda ta siyasa ce aka lulluɓe da sunan al'umma, a ce "mu mutanen unguwa" alhali mutum uku ne da ɗan takararsu, sai in ce su sa sunayensu su uku.

Matasa sukan ce mini zamanin takarda ya wuce, yanzu Facebook ne da TikTok. Ba na raina su. Matasa ne suka yi ta rubutu da bin 'yan majalisa har aka rage shekarun tsayawa takara a 2018, na ɗan majalisar jiha da na wakilai ya sauko daga 30 zuwa 25. Sai dai su ma ba da surutun waya kaɗai suka samu ba, sai da aka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya da takardu. Rubutun waya yana tara jama'a, amma ba a buɗe masa fayil. Shi ya sa in yaro ya nuna mini abin da ya wallafa, nakan ce ya yi kyau, zo mu mayar da shi shafi ɗaya mu kai inda za a buga masa hatimi. Ai ba yau aka fara ba. Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 mutanen Arewa ke aika wasiƙu a buga, su Malam Aminu Kano kuma na jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, da alƙalami suka yi rabin yaƙinsu da zaluncin En'e.

Maganar kuɗi: kuɗin bugu da na takarda nake karɓa, kamar na kowane aiki. Zaman sauraro da tsara magana ba na sa musu farashi, wanda ya ga dama ya ƙara wani abu. Gwauruwa da marayu ba na karɓa. Ƙaramin yaron shagona ya taɓa cewa, "Oga, awa biyu muka yi da tsohon nan a kan kuɗin shafi ɗaya." Na ce haka ne, kuma furojet ɗin ɗalibai zai cike gurbin. Yanzu shi ma ya fara zama da mutane. Nakan ji shi yana tambaya, "Wace rana ce? Wa ya gani? Wa kuka fara gaya wa?"

Makon jiya wata yarinya ta shigo da goyo, ta ce kakarta ce ta aiko ta, wadda ta taɓa sa ni yaga takarda. Ungozomar da aka turo musu bayan wata biyar da takardar farko, ta yi shekaru tana kwana a asibitin, yanzu an yi mata canjin wurin aiki ba a kawo madadinta ba. Yarinyar ta ciro tsohon kwafin daga cikin leda, ya yi ja, ya kakkarye a wurin ninki, amma hatimin yana nan ana karanta kwanan watan. Na ce ta zauna. Na buɗe sabon shafi, na tambaye ta ranar da ungozomar ta yi kwananta na ƙarshe.