Hirar wajen mai shayi

Yau a wajen mai shayi wani ƙanenmu ɗan jarida ya ce zai je Damagaram ta hanyar Daura ya rubuto labarin unguwar Birni, kafin ya rufe baki kowa ya ɗauka, wannan ya ce canji sefa a Wapa tun daga Kano, wancan ya ce kar ka manta katin allurar shawara. Sai wani dattijo da ya daɗe a rediyo ya ajiye kofi ya ce "yaro, in ka isa bakin iyaka a Kwangwalam mai da kyamara jaka, fara gaisawa da jami'ai tukuna."

Wallahi yadda ya faɗa a hankali sai ka ce an taɓa ƙwace tasa. Irin wannan ba ma rubuta shi a labaran tafiyarmu, da baki kawai muke ba juna.